Ranar da Na Yi wa Barkono Wanka

Tun da na haifi Ummi nake tsoron ƙyanda. Da ganyen barkonon bayan ɗakina ya yi dabbare-dabbare, na rantse ba zai shafa mata ba. Na ɗauko soso da sabulu ina cuɗa ganyen, har ina koya wa maƙwabciyata.

Ƙanin mijina, malamin gona, ya tarar da ni cikin kumfa.

"Matar Yaya, ai cutar tana cikin ganyen, da kayan jikinsa take ƙera 'ya'yanta, kuma ba ta kama mutum. Ciki za ki shiga ki wanke?"

Barkonon ya mutu fes da shi. Yanzu har surukata Ungozomar Barkono take ce mini.

Don Allah, in kun zo Sundimina, Maman Ummi za ku tambaya.