Famfon da Ya Sa Manya Azumi

Da safiyar Talatar nan na wanke farar rigata a famfon gidanmu na unguwar Adjamé a Abidjan, ta fito kalar shayi da madara. Da ita na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Treichville, da ita na tsaya gaban ɗalibaina ina koya musu cewa ruwa mai kyau ba shi da launi, ba shi da wari. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu, da yake a nan "Mushe" ake ce wa malami, ta ce, "Mushe Nu'uman, to namu mene ne sunansa?" Na ce ta buɗe shafi na gaba.

Aikina ke nan, jama'a. Ingancin ruwa na karanta, shi nake koyarwa. Na san bututun layinmu ya fashe a gefen kwata, yana tsotsar abin da ba zan faɗa ba, ko kuna cin abinci. Na san abin da ya sa jikar Tanti Raliya, mai gidan da nake haya, take wuni riƙe da ciki. Tun kafin damina nake yawo da kwalbar ruwan nan ofis-ofis don a auna a gani, amma ba ta taɓa wuce maigadi ba. Kullum manya suna taro. A kan me? A kan tsaftar ruwa.

Maƙwabcina Baba Harouna, mai albasa a kasuwar Gouro, ya ce mini, "Kai ɗan lakwal, zafin kan 'yan boko gare ka. A bar shi ya kwanta a bokiti, a sha na sama. Haka muka girma."

Na ce, "Baba, waɗanda ba su samu girman ba fa?"

Ya ce in gaida mutanen gida.

To da yamma sai ga jerin motoci a layinmu. Mai Girma Uban Kwamitin Ruwa Ga Kowa, Allah ya ƙara masa kwamitoci, ya zo duba talakawa. Ya tsaya a tsakar gidanmu, masu kyamara sun kewaye shi, ya shaida wa duniya da Faransanci mai santsi cewa ruwan unguwarmu ya kai na ko'ina. Na ɗaga kwalbata zan yi magana, wani ƙato ya mayar da ni bayan igiyar shanya.

Kun san dai a Abidjan ba a tambayar baƙo labari sai an ba shi ruwa. Tanti Raliya ta ɗauko kofin gilashinta na biki, ta tara a famfo kowa yana kallo, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Ga ruwa."

Mai Girma ya karɓa, ya ɗaga kofin, ya ga ba ya hango yatsunsa ta ciki. Ƙin ruwan tsohuwa gaban jama'a abin kunya ne, shansa kuma ya fi kowa sanin inda zai kai shi.

"Hajiya, na gode. Azumi nake."

Ranar Talata, jama'a. Aka miƙa wa mataimakinsa, shi ma azumi. Na kusa da shi, mai gicciye a wuya, azumi. Wani har ya tura robar ruwan da ya sha rabi cikin aljihu. Malamanmu sun tsufa suna kira zuwa nafila, famfonmu ya gama aikin kafin kofi ya zagaya. Wa zai ƙara cewa manyanmu ba su da tsoron Allah?

Tanti ta ce, "Allah ya karɓa. Ɗana, kawo kwalbar nan taka." Ta damƙa wa direba. "A ajiye masa, ya yi buɗa-baki."

Haka kwalbata ta shiga mota mai sanyi, ni ina tsaye a rana.

Bututu na nan a fashe, jikar Tanti kuma dafaffen ruwa muke ba ta, gawayi yana cinye mu. Amma Tanti ta aika wa Mai Girma gayyata ta musamman. Ta zaɓi ranar Sallah, ranar da babu mai azumi.