Ranar da Mamarkus Ya Tuna da Gonarsa

"…to ya ƙafafun, Kaka? Ko in goya ka?" in ji Kaiso, ya ɗan rusuna rabi da rabi, irin gaisuwar jika.

"Ƙafafuna lafiya lau. Su suka yi zaryar neman kakarka tun ba a san za a yi ka ba."

Shekara biyar ta zagayo, an yi shela, duk wani magidanci na Ruma, birnin Rumawan da, ya fito Filin Marsa don ƙidaya. Tsoho Mamarkus yana cikin layin ƙabilarsu tun hantsi, ya naɗe cikin mayafin da ya fi kowanne tsufa a gidansa, don kada a yi masa kallon mai hali. Shi ne kan gida, shi zai rantse gaban mai ƙidaya ya faɗi iyalinsa da shekarunsu da abin da ya mallaka. Jikan nan nasa ya cika goma sha bakwai, shekarar da ake sa namiji cikin waɗanda za a kira yaƙi, tsohon kuwa ya kwana da niyyar rage masa uku. Tsoro ne kawai yake cin sa. Uban yaron ya tafi yaƙi bai dawo ba.

"Na ji an ce yau za ka mayar da ni ciki," in ji Kaiso.

"Goma sha huɗu gare ka. Jiya-jiyan nan kake yi mini fitsari a cinya."

"To wannan gemun fa?"

"Wane gemu? Gashi uku? Akuyata ta fi ka."

"Kai ko gashin ya tashi daga kanka ya koma kunne. Ka san ma dalilin ƙidayar nan, tsoho?"

"Kai za ka koya mini? Ƙwai ya fi kaza wayo ke nan."

"Wani sarki ne a zamanin da. In ya kira yaƙi, kowa ya ce ba shi da ko sanda. In ya nemi haraji, kowa ya zama talaka. Sai ya ce to kowa ya zo ya rantse. Saboda irinku aka ƙirƙiro ta."

"Saboda irinku dai, masu cin tuwon gida ba a san amfaninsu ba."

"To ga shi ana so a san amfanina, kai ka hana. Kishi kake kada in dawo da ganima matarka ta bar ka ta biyo ni."

"Ka ɗauke ta yau ma. Haƙori biyu gare ta, za ku raba."

Mutanen layi suka yi dariya. Layin ya matsa, suka matsa.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, Kaka. Rabin mutanen nan sun ci wainar zuma ranar da ka yafa mini farin mayafin manya."

"Sun ci sun manta. Yaro bai san wuta ba sai ya taka."

"Ko ka rage, ranar da aka busa ƙaho zan bi su. Abu ɗaya ne ke ba ni dariya. Makamin mutum ai gwargwadon abin da gidansu ya faɗa a nan ne. Masu hali su shiga da sulke da garkuwa. Ni kuwa, tun da kullum kukan talauci kake, majajjawa za a ba ni da duwatsu. In mashi ya taho sai in tare da rowar kakana."

Mamarkus ya juyo ya fuskanci jikansa. Ya san jinin gidansa, in sun ce za su tafi, sun tafi. Ya dubi ƙirjin yaron, ba komai a kai sai riga.

Aka kira sunan tsohon. Mai ƙidaya yana zaune bisa kujerarsa, ya sa shi ya rantse, sannan ya tambayi shekarun jikan.

"Goma sha bakwai, ranka ya daɗe."

Ya faɗi gidan, da shanun noma biyu, da gonar alkama. Magatakarda ya ɗaga hannu zai kira na gaba.

"Dakata," in ji tsohon. "Akwai gonar zaitun a ƙetaren kogi. Bara na saye ta."

Gonar da ko matarsa ba ta san da ita ba ke nan. Da ita gidan ya hau sahun masu sulke, harajin ma ya hau tare da shi.

Da suka fito, Kaiso ya dube shi sama da ƙasa.

"Ashe talakan namu yana da zaitun? Mu kuwa ana auna mana mai da ɗigo."

"Rufe mini baki, ja'iri, ka ci nasara. Gobe ka je wurin maƙeri ya auna wannan ƙirjin naka na fara, ya ƙera maka sulke."

"Kyauta, Kaka? Lallai yau za a yi ruwa."

"Wa ya ce kyauta? Aro ne." Tsohon ya yi 'yar dariya, ya kama kafaɗar yaron ya dogara. "Kuma ba na karɓar saƙo. Wanda ya ara, shi zai kawo mini abina da ƙafarsa."