Rasuwar Ɗan Ja, Filashin da Aka Kashe Garin Neman Fili

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin zafi, ni Lukuman na Lakwaya nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar filashina, ɗan abin ajiyar sauti da hotuna da ake sokawa a kwamfuta, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Ya rasu ranar Talata da rana tsaka a Gwarzo, a shagon kwamfuta na Zayyad, ɗan Bappa ƙanin babanmu. Ba jinya ya yi ba. Lafiyarsa ƙalau ya shiga shagon.

Marigayin bai kai ɗan yatsa tsawo ba, amma mai riƙon amana ne. A Kabo na samo shi. Ya taɓa shan wanki a aljihun riga, ya bushe, ya koma bakin aikinsa. In an soka shi sai ya ce ɗin-ɗon, ya ƙifta jan idonsa. Bai taɓa ɗaukar abin da zan sunkuyar da kai in 'yan Hisba sun ce a kunna ba.

Babbar ajiyarsa ita ce muryar Innarmu Uwaliya, Allah ya jiƙanta. Tun da aka daina kiɗa a biki a wajenmu, da waƙar baki mata suke raka amarya daga cikin gida, Inna kuwa tana da waƙarta da ta ƙaga da kanta. An ɗauke ta a wayar Bappa shekarar da ta rasu, aka tura wa Ɗan Ja, wayar kuma daga baya ta faɗa rijiya. Ana jin tarinta a ciki, da kukan akuya, da inda ta katse waƙar ta ce, "Naja, sauke tukunyar nan kafin ta kama." Naja'atu ita ce autarmu. Bikinta bayan sallah ne, kuma abu ɗaya ta roƙe ni, a kunna mata Inna ranar da za a fita da ita.

Don haka na kai shi wajen Zayyad ya kwafe waƙar a faifai, saboda tsaro. Da ya soka shi sai ya tsuke fuska. Wai giga huɗu aka rubuta a jikinsa, amma ɗaya kaɗai yake nunawa, sauran suna kwance ba a yanka wa kowa ba. Wai kamar gona ce aka noma gefe guda aka bar sauran ga ciyawa, kuma a wannan tsanani barin fili haka almubazzaranci ne. Na ce masa ni ba fili na zo nema ba, gefen da nake nomawa ya ishe ni. Ya ce to. Na tafi sallar azahar.

Kafin in dawo ya ga man janareto ya yi ƙasa, sai ya fara da abin da ya fi burge shi. Ya tuge iyakar da ke tsakani, ya haɗe filin, ya yi fomatin, wato ya share komai. Waƙar kuwa bai kwafe ba. Ina shigowa ya juyo min da kwamfutar yana murmushi, in ga giga huɗu cif. Na gani. Fili fetal, ba Inna a ciki.

Har yanzu yana yawo a tasha yana cewa Ɗan Ja bai mutu ba, ya ma fi da lafiya. To Malam Zayyad, mai takardar kwas daga Kano, abin da ba ya magana da muryar da aka san shi da ita, mu a wajenmu gawa ne. Ya kuma aiko wai in ba na so in ba shi ya riƙa zuba finafinai. Na tambayi liman, ya ce wanda ya yi kisa ba ya cin gado. Ni ba mai faɗa ba ne, kowa ya sani. Zan gaishe shi in mun haɗu, don Bappa. Amma ko rediyon hannu ba zan ƙara ba shi riƙo ba.

Marigayin ya bar murfinsa, da zaren da nake rataye shi, da ni. Ya bar Naja'atu, wadda tun da na faɗa mata, wanke-wanken da aka riga aka yi take ta sakewa.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar a bayan ɗakin Inna, cikin kwalin ashana. Ba a buƙatar goro. Roƙona ga iyayenmu mata na Lakwaya da Madadi, musamman Gwaggo Hauwa da suka yi rakiyar amare tare da Inna, duk wadda ta riƙe ko baiti ɗaya ta zo da shi, a zauna a tsakar gida a harhaɗa, Naja ta ji. Zayyad ma ya zo. An ware masa tabarma a zaure, shi kaɗai, da fili isasshe.