Makarantar da Aka Auna da Tsayin Injiniya

Duk wanda ya ga sabuwar firamaren nan daga bakin titi sai ya jinjina wa Injiniya. Ajujuwa goma sha biyu, baranda mai faɗi, lambun furanni a tsakiya. Magina suna kiransa Ba-a-gyara-maka, amma sai ya ba da baya.

Allah ya yi masa tsayi, ƙafa shida da inci huɗu, ya kuma yi masa basirar da ta fi ƙarfin tef ɗin awo. In za a kafa wani abu a bango, sai ya tsaya ya miƙa hannu ya ce, "Nan." Wani tsohon birkila ya sa alama da gawayi. Da haka aka kafa famfo takwas, tagogi arba'in da takwas, da ƙugiyoyin rataye jaka ɗari uku.

Sau ɗaya shugabar makaranta ta ce, "Injiniya, anya yara za su kai?"

"Malama," in ji shi, "gini na zamani ba ya sunkuya wa kowa. Ke dai ki riƙe allinki."

Abu ɗaya ya rage: sa hannun mai duba gine-gine. In ba ta sa ba, ba buɗewa ranar Litinin, ga shi ya riga ya gayyaci surukansa su zo su gani.

Ranar Alhamis da hantsi ta iso, wata dattijuwa mai tabarau. Injiniya ya tarye ta da jawabi a kan iska da haske, ya kai minti ashirin. Ta saurara har ya gama.

"Madalla," ta ce. "Durƙusa."

"Na'am?"

"Haka nake duba firamare. Mai zanen gini ya zagaya da ni a kan gwiwa, mu ga abin da yaro zai gani."

Ya tuna surukai, ya naɗe farin wando, ya durƙusa. Magina suka ajiye cebur suka biyo baya don ƙarin ilimi.

A aji ɗaya ta ce ya leƙa taga ya kwatanta mata lambun. Ya ɗaga wuya iya ƙarfinsa.

"Me ka gani?"

"Siminti," ya ce, "amma shafe mai kyau."

A wurin wanke hannu famfon yana saman kansa. Ya lalubo ya murɗa, ruwa ya sauko masa a ƙeya ya bi ta cikin riga. Shugabar makaranta ta shiga tari mai tsanani, har sai da ta juya baya.

"A hakan ma ka fi ɗan aji uku tsayi," in ji dattijuwar. Ta rufe takardarta ba sa hannu, ta mayar da biro jaka.

Tsohon birkila ya matso, ya cire hula da ladabi.

"Ranka ya daɗe, mu sauke famfunan ne, ko mu jira yaran su girma?"

Injiniya, yana durƙushe ruwa na ɗiga daga haɓarsa, ya gyaɗa kai irin na masana. Can ya dubi shugabar makaranta.

"Malama, kamar shekara nawa suke ɗauka?"