Dokin da Ke Jikin Gwangwani

Ban daɗe da gama makarantar Kano ba, matata Hajara na da ciki, sai wanta ya kawo mata gwangwanin sukari daga Maigatari. A jikinsa akwai tambarin Sarkin Ingila: zaki, da doki mai ƙaho ɗaure da sarƙa.

Na ce, "Ban ce tsafi ne ba, amma wa ya taɓa ganin doki da ƙaho? Kada ya taɓa mana cikin nan."

Na ɗauki fartanya na binne gwangwanin a bayan rumbu, na yi tofi. Wanta ya yi dariya har da hawaye: "Malam, ko a ofishin Bature akwai shi!" Da muka tono, tururuwa sun riga mu.

Hajara ta sauka lafiya. Har yau in aka kawo tsaraba, sai ta ce wa 'yarmu, "Ɓoye fartanya, ga babanki nan."