Hotunan Masar da Na Shanya a Rana

Ko na manta komai na duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je karɓo hotunanmu na Masar ba.

Ni tsohon soja ne. Ban yi makaranta ba, ban iya dogon zance ba. Na dawo daga yaƙin basasa da ɗingishi da muƙamin kofur, na samu aikin gadi, na zauna a gidanmu na Ƙofar Kibo da matata Hajara. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi 'yarmu, ita kaɗai gare mu. Daga nan Hajara ta daina dariya. Tana girki, tana salla, tana amsa gaisuwa. Shi ke nan.

Yayanta, Malam Sani, yana karatu a Alƙahira. Shi ya dage in kawo ta ta ga wata duniya, ko zuciyarta ta yi sanyi. Na sayar da 'yar gonar da na gada. Ban nemi shawarar kowa ba.

Malam Bitrus, malamin makaranta a Wusasa, abokina ne tun kafin yaƙi. Shi ya ara mini kyamararsa. Ya sa fim, ya nuna mini inda ake leƙawa, inda ake dannawa, inda ake murɗawa.

"Sai kuma wannan murfin na baya, Kofur..."

"Malam, ya isa. Na riƙe abin da ya fi wannan haɗari."

Ya miƙo mini ita. (Da ya mare ni ya ƙarasa maganarsa, da har yau ina yi masa godiya.)

A gaban dalar Fir'auna abin ya fara. Mun ga wasu Turawa suna miƙa hannu a iska ana ɗaukarsu hoto. Na ce zafi ne ya taɓa su. Hajara ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Kofur, ja da baya. Ƙara." Ta buɗe tafin hannunta. Na leƙa. Wallahi ga dala zaune a tafinta kamar malmalar tuwo.

"Yi sauri mana, nauyi gare ta!"

Sai ta yi dariya. Saura kaɗan kyamarar mutane ta faɗi.

Daga nan duk abin da ta ce, yi nake. Akwai wani ƙaton gunki mai jikin zaki da kan mutum, hancinsa a gutsure. Ta ce, "Ga ɗan'uwanka, shi ma ya je yaƙi. Sara masa." Na ƙame na sara, ta danna. Ta sa na hau raƙumi. Ya miƙe da ƙafafun baya, na rungume wuyansa ina salati da ƙarfi, ta danna. (Ni da harsashi bai sa ni ihu ba.) A Kogin Nilu ta cire mini hula ta ɗora a kan gyalenta, ta tamke fuska irin tawa, na danna. A raina na ce, wannan dariyar na kulle ta a akwati. In mun koma gida ta sake ɓacewa, zan ɗauko in nuna mata.

To, ga inda soja ya shigo. An koya mana duk abin da ka rataya a kafaɗa, kullum ka kwance shi ka goge. Masar kuwa yashi ce. Kowace safiya, bayan Malam Sani ya tafi karatu, sai in hau soro in shimfiɗa ƙyalle. In buɗe murfin baya. In jawo baƙar ledar nan ta ciki, in ɗaga ta a rana in duba ko yashi ya shiga, in goge ta tas, in naɗe in mayar. Hajara har yabona take yi: "Kayan aro ba ya kuka a hannunka."

Da muka dawo, na kai fim wajen wani mai hoto a Tudun Wada. Ranar karɓa, Inna, mahaifiyar Hajara, ta zo da sauran 'ya'yanta, aka dafa shinkafa ana jirana. Ni da Malam Bitrus muka tafi. Shagon cike yake da 'yan biki.

Mai hoton ya fito da ledar a hannu, baƙa ƙirin daga farko har ƙarshe.

"Baba, wa ya buɗe kyamarar nan?"

Na ɗaga ƙirji. "Ni. Kullum. A rana nake shanya ta, ko ƙwayar yashi ba za ka samu ba."

Wata mata ta fara dariya, sauran suka bi. Mai hoton ya dafa bango. Malam Bitrus ya cire tabarau yana share ido, ya ce a hankali, "Abin da na so in gaya maka ke nan, Kofur. Haske ne ke kashe shi."

An taɓa harbina a cinya. Bai kai wannan zafi ba.

Da ƙafa na koma cikin gari, don kada in isa da wuri. Ba dariyar 'yan biki ce ta dame ni ba. Na yi tunanin zan shiga in gaya wa matar nan cewa abin da ya dawo mata da fuskarta, ni na shanya shi.

Na yi sallama. Duk suka miƙo hannu. Na miƙa wa Hajara ledar, na faɗi yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ta ɗaga ta sama ta duba. Ta dube ni.

"Wato duk goge-gogen nan..."

"Shi ne."

"Ni kuma ina gefe ina sa maka albarka?"

Sai ta zube a kan tabarma. Dariya take har da riƙe ciki. Inna ta ce, "Ke, mijinki ne fa!" amma ita ma zani ta sa ta toshe baki. Hajara ta miƙe ta ce tunda babu hoto, ita za ta nuna musu. Ta rungume turmi tana salati da muryata. Ko raƙumin, da ya gani, da ya shaida.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. A tsakar gidan nan ne ta daina dariya.

Da Asabar ta zagayo, Malam Bitrus ya zo ya kwashe mu zuwa dutsen Kufena, da kyamararsa a wuya. Ya ce Hajara ta buɗe tafinta, ya yi ta ja da baya har dutsen ya zauna a kai. Ni aka tsayar da ni a gefe, aka ce in sa hannuwana a aljihu kada in taɓa komai.

Hoton yana rataye a ɗakinmu. Baƙo in ya tambaya ko nan ce Masar, Hajara takan ce, "A'a, Masar ɗin rana ta cinye. Tambayi Kofur."

Na gode wa Allah, na gode wa Malam Bitrus da bai taɓa yi mini gori ba. Abin da na koya kaɗan ne: ba duk abin da aka rataya a kafaɗa ne bindiga ba. Kuma yanzu in mutum ya ce mini "sai kuma," nakan nemi wuri in zauna.