Kwalbar Asibiti da Maɓallan Kaka

"…wace gajiya kuma, ni da Allah Ya haɗa ni da miji irinka? Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya kawo sammaci."

"Ina kwana kawai na ce, amarya. Ban tambaye ki tarihin aurenmu ba."

"Na kwana lafiya. Kai ne da alama ba ka runtsa ba. Dubi idonka. Dubi rigarka, maɓalli ɗaya ya gudu ya bar ka, kamar yadda 'yan mata suke yi maka."

Kakata ce, mahaifiyar babana. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, ni kuma tun da na iya magana nake barazanar sakinta. Na same ta a bakin gado, ƙafa ɗaya a kan matashi saboda ciwon gwiwa, tsohon keken ɗinkinta a gefe an lulluɓe shi da zane. Shekara arba'in ta yi tana ɗinki kafin ido ya ce ya gaji.

Mako uku ke nan cikinta yana kumburi. Sai ta yi kwana uku ba ta zaga ba, in kuma bayan gidan ya zo, baƙi ƙirin. Ba ni ta faɗa wa ba, Mama ta faɗa wa a ɗakin girki, ni kuma na ji. Haka na kakana ya fara bara. Ya ɓoye wata biyar, da aka kai shi asibiti aka ce an makara. Ina tsakiyar jarrabawar ƙarshe a jami'a aka kira ni cewa ya rasu. Har yau in waya ta yi ƙara da safe sai gabana ya faɗi.

Shekaranjiya na lallaɓa ta muka je asibiti. Likita ta danna cikin nan ta ko'ina, ta yi tambayoyi: yaushe ya fara, kafin cin abinci ne ko bayansa, akwai amai, akwai rama, abinci ya canza? Aka ɗibi jini. Sannan aka ba mu 'yar kwalbar roba mai jan murfi, a sa bayan gida kaɗan a kawo yau, tare da duk maganin da take sha.

"Ina kwalbar?" na ce.

"Wace kwalba? Ta turaren da ka yi mini alkawari tun kana aji uku?"

"Ta asibiti, tsohuwa."

"Au, wannan. Ga ta can a kan keke. Kai, kwalba ce mai kyau! Murfinta ba ya sakin iska."

Na ɗauko. Cike take taf da maɓallai, farare da baƙaƙe, da allura biyu a tsaye a tsakiya.

"Innalillahi! Kaka, me ke nan?"

"Ka yi digiri ba ka san maɓalli ba?"

"Wannan fa ta gwaji ce!"

"To na gwada ta. Ta ci maɓalli sittin da huɗu."

"Wallahi yau zan sake ki. Saki uku, a rubuce, da Turanci don kada ki gane."

"Sake ni mana! Ka ga layin da za a yi a ƙofar gidan nan. Mai kantin bakin titi kullum sai ya tambayi lafiyata. Kai kuwa wa zai kwashe ka? Miji ba aiki, ba gemu, wuya kamar na zakaran da ruwa ya doka."

"Mai kantin da haƙoransa uku? Ku haɗa da naki biyu, ku samu na cin biredi."

"Biyu? Zo ka sa yatsa ka ƙirga, in ka isa."

Ban sa ba. Na taɓa sawa ina ɗan shekara shida.

"Kaka, don Allah. Ƙarfe goma ta ce mu zo."

"Kai yanzu ko kunya ba ka ji? Da girmana, da jikoki goma sha tara, in naɗe abin da na bari a bayi in kai wa yarinyar da na girmi uwarta? In ce mata ga tsaraba?"

"Aikinta ke nan. Shekara bakwai ta yi tana karanta shi."

"Allah sarki. Iyayenta sun yi asara. Kai shekara huɗu ka yi, me ka karanto? Ban ga ka zo da komai ba sai rama da kallon waya."

Na bar zancen kwalba tukuna, na ɗauki leda. "To kawo magungunan. Ta ce duka."

"Na gaya mata ba na shan komai. Ni ba mai ciwo ba ce."

Na ɗaga matashin kai. Ƙwayoyi ne a ƙulle a gefen tsumma, jajaye, ba kwali, ba suna.

"Wannan fa?"

"Na gwiwa ne. Maƙwabciya ce ta ɗiba mini cikin nata. Wannan ai zumunci ne, ba magani ba."

"Sau nawa kike sha?"

"In gwiwa ta yi magana in ba ta amsa."

"Da abinci a cikinki?"

"Wane abinci? Ka taɓa yin cefane tun da na aure ka?"

Na jefa su a leda. Na buɗe gwangwanin biskit, na sami garin da take jiƙawa in ciki ya yi mata nauyi. Shi ma ya shiga. Sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashin keken ɗinki, na ga ta miƙe zaune da sauri kamar ba mai ciwon gwiwa ba.

"Kai! Fito daga nan. Namiji ba ya binciken kayan matarsa."

Babbar kwalba ce mai ruwan ƙasa, saura kaɗan a gindinta. Bayanta akwai wata irinta, babu komai a ciki. Na gane ta nan take. Maganin ƙarin jini ne, ni na saya mata guda biyu ranar da na karɓo takardar kammala karatu, saboda na ga ta yi fari tun bayan rasuwar kakana.

"Wannan ba ya cikin lissafi," ta ce. "Ajiye mini abina."

"Kaka, ai magani ne."

"Kyautar miji ce. Shekara ashirin da uku ina zaune da kai, ita ce abu na farko da ka taɓa shigowa da shi ɗakin nan ban da yunwa. In kai wa likita ta ƙwace?"

"Cokali nawa kike sha?"

"Uku da safe, uku da yamma."

"Na ce miki ɗaya a rana!"

"Ɗaya ai na marowata ne. Na ɗauka kunya ce ta sa ka faɗi haka."

Na juya kwalbar. A bayanta akwai rubutu ƙanana da ban taɓa dubawa ba. Na karanta, na sake karantawa, sannan na zauna a ƙasa daɓas.

"Me ta ce? Ta ce ka sake ni?"

"Ta ce… yana iya ɗaure ciki. Yana iya sa kumburi. Kuma yana mayar da bayan gida baƙi."

Sai ta tafa hannu, ta kwashe da dariya har tana riƙe cikin da ake magana a kai.

"Jama'a ku zo ku gani! Ashe maigida ne da kansa! Ka so ka gama da ni a hankali ka auro mai jan baki, ko? Shekara huɗu a jami'a, an sa maka hula mai tuntu, an ɗauki hoto, amma bayan kwalba ya gagare ka karantawa!"

"Ni na ce ki sha shida?"

"Kai ka kawo. A kotu ma mai kawowa ake kamawa."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. "Kaka, ba shi ke nan ba. Likita ta ce baƙin yana iya zama na magani, yana iya zama jini ne ke zuba a ciki. Irin ƙwayoyin gwiwar nan suna cinye tumbi in ana sha ba abinci. Ido ba ya bambancewa, sai an gwada. Marigayi ma haka ya yi ta cewa ba komai, ba komai, har…"

Na sunkuyar da kai ina juya jan murfin nan a hannu.

Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Shi taurin kai gare shi. Ni kuwa iya shege ne kawai. Ba ɗaya ba ne." Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. "Ɗauko mini jakata."

A cikin jakar akwai ƙullin leda, leda cikin leda har uku, an ɗaure da zaren ɗinki. Ta cikin ledar ina hango jan murfi.

"Tun da asuba na gama," ta ce. "Da ka fita neman mota shekaranjiya na ce wa nas ta ƙara mini ɗaya, ina da maɓallai ba su da gida."

"To me ya sa kika bar ni ina ta haƙilo?"

"Wata takwas ban ji ka zage ni da kyau ba. Kullum 'sannu Kaka, ya jiki Kaka', kamar baƙo. Na ce bari in gani ko mijina yana nan, ko shi ma an binne shi ban sani ba."

Na ce, "Ke za ki riƙe ƙullin nan a mota."

"Wa? Miji ke ɗaukar kayan matarsa. Riƙe da hannu biyu."

Da hannu biyu na riƙe.

Sai bayan azahar sakamako ya fito. Babu jini a ciki, na jikinta ma bai yi ƙasa ba. Likita ta jera kayan ledar a kan tebur tana girgiza kai. Ta ce a daina maganin ƙarin jinin, ƙwayoyin maƙwabciya kuwa ta tura su cikin aljihun tebur, ta rubuta wani na gwiwa. Ta ce a yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, mu dawo bayan mako biyu. In cikin bai saki ba, ko aka ga rama ko amai, kada mu jira ranar, akwai gwajin da za a leƙa hanjin da na'ura.

"Wa ya saya mata wannan?" ta tambaya, tana ɗaga kwalbar.

"Wani ne mai neman aurena," Kaka ta ce. "Ba shi da ilimi sosai, amma yana da kirki."

A kan bencin waje, muna jiran mota, na zauna fuskata har yanzu a ɗaure. Ta lura. Ta buɗe jaka ta fito da ɗaya kwalbar, ta zazzage maɓallai a tafin hannu tana tonawa har ta sami fari daidai da na rigata.

"Zura mini zaren, idona ba ya gani. Matso. Kada ka motsa, in na soke ka ba ruwana."

"A gaban mutane, Kaka?"

"Su san kana da mata." Ta ɗinke shi tsaf, ta ciza zaren ta tsinke, da haƙoran da na ce biyu ne. "To. Mako biyu ka zo ka kai ni, ba sai ka yi mini wannan fuskar ba. Ka ci wannan karon."

"Sakin fa? Na riga na furta."

"Da Turanci ka ce za ka rubuta. Wanda bai iya karanta bayan kwalba ba?"

Dariyar da ta ƙi fitowa da safe ta zo gaba ɗaya, har mai gadin ƙofa ya juyo yana kallonmu. Kaka ta danƙa mini kwalbar maɓallan a hannu.

"Riƙe. Saura sittin da uku. A yadda 'yan mata ke gudunka, za ka buƙace su."